Ƙafa Biyu a Kan Girka

Da alli kala huɗu Malama ta zana duniya a kan simintin tsakar cibiyar koyar da manya, daga bakin famfo har gindin tagar ofis. Wasan ba wuya. A kasa ɗalibai gida biyu, a kira sunan ƙasa da Turanci, mutum ɗaya daga kowane gida ya ruga. Wanda ya fara dasa ƙafa biyu a kan ƙasar, ya ce ga inda yake da Turanci, shi ke da maki.

Matan ajinta duk manya ne, amma in wasa ya yi zafi sai ka rantse 'yan firamare aka saki. Mai kitso ta taɓa tsinka takalmi a kan Brazil. Matar direba kuwa ta yi zaman 'yan bori a tsakiyar Kanada, tana ƙasa tana ihun makinta.

Sai Iya mai ɗinki.

Ranar da Iya ta fara zuwa, Malama ta tambaye ta me za ta yi da Turanci a shekarunta. Ta ce akwai wata takarda da take so ta karanta da idonta, ba a karanta mata ba. Aka yi dariya. Malama ta ga ambulan ɗin a jakarta, ya yi laushi don yawan taɓawa, ta ce a ranta takardar asibiti ce, ciwon gwiwa ko hawan jini.

Abin haushin, Iya ba daƙiƙiya ba ce. A kira Japan, tana can. A kira Peru, ta riga 'yan mata. Amma da an ce Greece, wato Girka, sai tsohuwa ta taho da saurinta, ta zo daf, ta ja birki. Ta tsaya a Turkiyya. Wata rana a Bulgeriya. Ta tattare bakin zaninta, leɓɓanta na motsi, ita a dole tana tuno darasi.

"Duk maƙwabtan ta haddace, mai gidan ne ya gagare ta," in ji Mai kitso. "Iya, ko biza ce ba su ba ki ba?"

Malama ta nuna mata da sanda. Ta rubuta sunan da manyan baƙaƙe. Ta sake zana ƙasar da jan alli, har ta ƙara mata faɗi fiye da yadda Allah Ya yi ta. A banza. Ko wucewa Iya za ta yi zuwa famfo sai ta kewaye wajen, kamar an zubar da ruwan zafi. Da safe kuma a tarar ta share shi tas, ta bar sauran duniya da ƙurarta. Kan tsohuwa ke nan, in ji Malama, shara ta iya, karatu ya tsaya a ƙofa.

Ana haka Shugabar cibiya ta ce ɗaki ɗaya ya rage wa Turanci, aji biyu ba za su zauna ba. Za a kara ajin Malama da na Malam Tabarau, wanda tun farko yake kiran wasan nata guje-gujen banza. Ajin da ya faɗi a haɗe shi da ɗayan, malaminsa ya nemi wani aikin.

Malama ta so ta ajiye Iya a benci. Shugaba ta ce kowa da ke cikin rajista sai ya yi gudu.

Ranar Laraba bayan azahar aka jeru. Shugaba da kanta ta riƙe kwalin da aka zuba sunayen ƙasashe, tana zara tana kira. Matar direba ta ci Indiya. Ɗaliban Malam suka ci Sifen da Kenya. Mai kitso ta ƙwato Masar da ƙyar, ɗankwali a hannu. Aka zo tara da tara, saura kira ɗaya, kuma layi ya zo kan Iya.

Ƙasashe sun fi ɗari a kwalin nan. Malama ta runtse ido tana roƙon kowacce banda guda.

"Greece!"

Wanda ya fito daga ɗaya gidan wani mai gyaran rediyo ne, ya nufi Amurka ta Kudu gadan-gadan, bai ma san nahiyar ba. Iya ta isa tun yana lalube. Taku ɗaya ya rage. Mata suna ihu, "Taka, Iya! Taka!" Ta tsaya a bakin jan layin, ta tattare zani, leɓɓa na motsi. Mai rediyo ya waiwayo, ya ga inda ake nuna mata, ya zo ya daka tsalle da ƙattin takalmansa ya dira a tsakiya. Iya ta kau da kai kamar ita aka taka.

Malam Tabarau ya gyara tabarau, ya yi wa Malama murmushin ta'aziyya.

Malama ba ta jira an watse ba. Ta tsaya a kan tsohuwar.

"Wata huɗu, Iya! Wata huɗu ina nuna miki wuri ɗaya! Ga shi a gabanki, ja wur, ko makaho ya gan shi. Kin raba ni da aikina saboda kin kasa gane ƙasa guda!"

Iya ta durƙusa a hankali, ta sa tafin hannu tana goge sawun takalmin mai rediyo daga kan allin. Sannan ta zaro ambulan ɗin nan, ta miƙa wa Malama. Tambarin da ke kansa na Girka ne.

"Na gane ta, 'yar nan, tun ranar da kika zana ta," ta ce. "A nan suka rubuto sun binne min ɗana. Ki yi haƙuri, ba zan iya taka shi ba."