Kwalba Mai Jan Zare

Tun daga ƙofar ɗakin gwaji ta hango kwalbarta mai jan zare a wuya, ruwan ciki ya yi fari fat kamar an zuba madara. Sinadarin sabulun da take bincike a kai ba ya yin haka sai ya gamu da na sa tufafi laushi: da sun haɗu sai su riƙe juna, kumfa ta mutu. Mutum ɗaya ke aiki da wancan a ginin nan, sabuwar ɗalibar nan mai yawan dariya.

Dogo, abokin aikinta, yana tsaye a bakin famfo. Shi ya ɗaura zaren da hannunsa don kada kowa ya taɓa mata kaya.

"Wa ya taɓa min kwalba?"

"Ta yarinyar nan ce ta fashe, na ara mata taki."

"Ka ara mata." Ta girgiza kwalbar a gaban idonsa, ko kumfa ɗaya ba ta tashi ba.

Ya sosa ƙeya. "Haba, ranki ya daɗe. Ni da na zo in gaya miki Kawu zai je wajen Baba neman aurenki."

Maganar da ta daɗe tana jira ke nan. Amma idonta bai bar farin ruwan ba. Ta kwance jan zaren a hankali, ta ajiye masa a tafin hannu.

"Ka ce wa Kawu ya dakata. Wanke kwalbar tukuna. Kai ma ka sani, ko ɗigo ɗaya nata ya rage, sai ya nuna."