Kukan Motar Shinkafi

Ba su yi nisa da Kaura ba motar ta fara kuka. Wani siririn kuka ne, wiii, kamar sauro a bakin kunne, sai dai shi wannan hannu ba ya korarsa.

Azumi tana zaune bayan direba da carbi a hannu. Da kukan ya tashi, sai yatsunta suka tsaya cak.

Tun kafin daminar bara take bin wannan hanya duk ranar kasuwar Shinkafi. Ɗanta Armiya'u ne ya fita da safe ya ce sai ya dawo, shiru har yau. Ba gawa, ba waya daga mutanen daji, ba wanda ya ce ya gan shi. Ta je Zurmi, ta leƙa asibitoci, duk wanda ta ji an sako sai ta bi shi gida da tambaya. Dangi sun ce a yi sadaka kowa ya huta, matarsa Saliha ita ma ta san matsayinta. Azumi ta ce a'a. Ba za a daka gumbar ɗanta ba alhali idonta bai ga komai ba.

Direban, Mubashir, saurayi ne mai fara'a da yawan magana. Ya ce jama'a su yi haƙuri, haka motar take yi masa tun da ya saye ta. Ya sake fambel. Ya sake boris na taya. An ƙara man sitiyari, an juye man giya an zuba sabo. Ba bakaniken da bai sa mata hannu ba, kowa da abin da yake cewa, kukan kuma yana nan.

Wani Alhaji mai sayen hatsi yana gaba yana gaigayar dafaffiyar masara. Ya ce, "Kai yaro, ina ka samo akwalar ga?"

"Wajen Gurbin Bore, Alhaji. Araha kamar kyauta. Fenti kawai na yi mata, na liƙe 'yan hudoji a ƙohwa, sai kujerar direba da na sake. Waccan ta ƙi wankuwa."

Ba wanda ya ƙara tambaya. A ƙasar nan yanzu an daina tambayar irin wannan.

Da ya taka ta sosai, kukan ya ƙara kaifi har ana toshe kunne. Mubashir ya tsorata kada injin ya buga a tsakiyar daji, sai ya gangara gefe ya tsaya. Ga shi wurin ba wurin tsayawa ba ne. Gonaki ne dama da hagu da aka gudu aka bari, ciyawa ta cinye kunyoyi, ko akuya babu.

"Nan za ka tsaya da mu? Kai, kana da uwa kuwa?" in ji wata mai goyo.

Ya buɗe bonet, ya murza totur, injin ya yi ruri lafiya lau. Ba kuka. Ya leƙa ƙasa, ya girgiza tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya sa kunne a kan giya. Gumi ya jiƙa masa riga. Can nesa, ta cikin daji, aka jiyo ƙarar mashin. Mai goyo ta fara salati.

Sai Azumi ta buɗe ƙofa ta sauko a hankali, da ciwon gwiwarta da komai. Ta miƙa wa Alhaji hannu ta taga.

"Ba ni totuwar ga."

Ya ba ta, baki buɗe. Ba ta je wurin injin ba. Ta zagaya baya, ɓangaren hagu, ta yi ɗage, ta cusa hannu ƙarƙashin buhunan da aka ɗaure a kan kariyar saman mota. Ko dubawa ba ta yi ba. Ta karya tsinin totuwar ta danna a wani wuri, ta buga da tafin hannu, ta koma ta zauna.

"Tada mu tahi, ɗana."

Suka tashi. Mubashir ya taka ta, ya ƙara takawa. Shiru. Ba abin da ake ji sai taya a kan kwalta. Motar ta kaure da hamdala da dariyar waɗanda suka tsira.

"Inna, don Allah wane gareji kika yi koyo?" in ji Mubashir yana dubanta ta madubi.

"Iska ce ka shiga huda," ta ce. "Injinka lahiya yake."

Ta mayar da carbin aljihu, ta ɗora tafin hannunta a bayan sabuwar kujerar da ke gabanta, ba ta ɗauke ba har Shinkafi.

Ranar ba ta bi rumfuna tana tambaya ba kamar yadda ta saba. Gero ta auna, ta nemi wata motar ta juyo gida tun rana na tsaka.

Saliha ta tare ta a zaure, da kallon nan da take yi mata duk Alhamis.

"Inna, an samu labari?"

Azumi ta sauke ƙullin a gabanta, ta shafa kanta.

"Jiƙa geron ga, ɗiyata. Gobe a daka gumba, a kira liman."

Ba wanda ya gaya mata komai a Shinkafi. Amma hudar nan da ta toshe, tun tana amarya ta san ta. A jikin ƙarfen gadon aurenta take, ita da hannunta ta ba Armiya'u ya kai aka walda masa kariya, ranar da ya sayo motarsa.