Ruwan da ke Ɗiga da Rana Tsaka

Ka ce motarka ta kwana ta fara zubar da ruwa daga rufi, har ka aika a karɓo maka turaren tsari. To ajiye kaskon nan tukuna, Malam Isuhu, ka ji wani misali. Ni har yau idan na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi.

Wani mutum ne yake da irin motar nan taka mai ɗaki a ciki, da gado, da iyakwandishan a kan rufi. Ta yi wata biyar ajiye a gindin bango ba wanda ya taɓa ta. Sai mahaifiyarsa, tsohuwa mai ciwon fuka, ta ce ba ta da sauran buri a duniya illa ta ga ƙanwarta da ke can gabas da Nguru, wadda rabonsu da juna shekara goma sha ɗaya. Bazara ce, ya ga babu abin da zai kai ta lafiya sai wannan mota mai sanyi. Matarsa kuwa, don girmama suruka, ta yi kwana uku tana turara motar da turaren wuta, ƙofofi a rufe, har labule ya kama ƙamshi. Suka kama hanya. Da azahar ya tsaya a gindin wata kuka zai yi salla, sai ya ji iskar na'urar ta yi rauni, kuma daga sama ana wani ƙas, ƙas, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Ya ɗaga kai. Ƙanƙara ce fara fat ta tsiro a bakin na'urar kamar gemun tsoho, alhali a waje yashi zai iya dafa ƙwai. Babu gajimare ko ɗaya a sama. Sai ɗigon ruwa mai sanyi ya faɗo a tsakiyar goshin tsohuwar. Ya juya mata matashi zuwa ɗaya gefen gadon, ya ja mota suka bar kukar. Da suka sake tsayawa, ɗigon ya bi ta can, ya sauka a ƙirjinta. Ta shafa ruwan, ta daɗe tana dubansa a tafin hannu, sannan ta ce a hankali, "Ɗan nan, ruwan wankana ne aka fara zubawa."

Mutumin nan ba sakarai ba ne, ya yi boko, ya san hanya. Amma tsoro idan ya shiga, hankali ta taga yake fita. Ya yanke cewa wani abu ne ya biyo su daga kukar. A ƙauye na gaba ya sayi turaren tsari, ya hura garwashi, ya toshe kowace kafa ta motar da tsumma don kada hayaƙin ya tsere, ya murɗa sanyi har ƙarshe. Hayaƙi ya ƙaru, ƙanƙara ta ƙaru. Ƙanƙara ta ƙaru, zanen tsohuwa ya jiƙe sharkaf. Ta fara tari mai fito, shi kuwa sai ya ɗauka abin ne ya hau ƙirjinta yana danne ta, ya ƙara turare a kasko. Tafiyar yini guda ta zama ta kwana uku, domin kowane gari sai ya tsaya neman mai taimako. A rana ta uku wani mai gyaran firji da ke bakin titi ya ga mota tana hayaƙi ta ƙasan ƙofa, ya zaci gobara ce, ya rugo. Da ya ji bayani sai ya shiga motar. Ya buɗe tagogi, ya kashe sanyin ya bar fanka kawai tana juyawa har ƙanƙarar ta narke. Ya cire murfi, ya zaro ragar da na'urar ke shaƙar iska ta cikinta, ga ta baƙa ƙirin, ta yi danƙo da man turare. Na'ura ba ta numfashi, dole raɓar da ke kan bututunta ta daskare. Sannan ya hau rufi da tsinken tsintsiya, ya soka a 'yar hudar da ruwa ke bi ya fita waje, sai ga ginin zanzaro ya faɗo, na wata biyar ɗin nan. Ruwa ya rasa hanyarsa, sai ya cika farantin da ke tare shi a ƙarƙashin na'urar ya bi duk gefen da motar ta karkata, shi ya sa ya zama kamar yana bin tsohuwar. Gyaran duka bai kai tsawon shan shayi ba.

Iska mai sanyi ta dawo, rufi ya bushe, ƙwanƙwasar da fanka ke yi wa ƙanƙara ta daina. Amma ƙirjin da ya sha hayaƙi da jiƙa kwana uku ba a wanke shi kamar raga. Saura tafiyar da ba ta fi ta awa ɗaya ba tsohuwar ta cika. Ƙanwar tata ta gan ta, amma ita ba ta ga ƙanwar ba, kuma ƙanwar ce ta zuba mata ruwan wankan na gaskiya. Abin da ya fi ci mini rai, Malam Isuhu, duk wannan ya faru ne rana na tsaka, ido biyu, aljanin kuwa yana cikin kaskon da ɗanta ke riƙe da hannunsa. Je ka ɗauko tsani da tsinke mu duba taka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce rashin sani ya fi dare duhu.