Munduwar Giɗaɗo Ba Ta Yi Ja Ba

Tun da aka ɗaura wa kowa munduwar zuciya, mai yin ja in rai ya ɓaci, alƙali ya daina tambayar mai kisa ko hankalinsa ya gushe. Munduwa ake dubawa. In ta yi ja lokacin kisan, ɗauri ne. In ta tsaya koriya, rataya.

Inna Dudu ta kawo wa ɗanta Giɗaɗo fura gidan yari, ta tarar da lauyarsa a bakin ƙofa.

"Inna, tasa ba ta yi ja ba," in ji lauyar. "An zuba wa shanunsa guba, wanda ya zuba yana masa dariya, Giɗaɗo ya sauke masa sanda a ka har lahira, amma zuciyarsa kamar ta mai barci. Kotu ta ce da gangan ne."

"'Yar nan, ɗan sharo ne fa," in ji Inna. "Ana tsula masa bulala yana murmushi. Ni na yi masa guɗa. Ni na ce in ya ƙifta ido kada ya dawo mini gida. Wutar tana ciki, ƙarfen nan ne bai san inda muke ɓoye ta ba."

"Kotu ƙarfen take saurara, Inna."

Aka fito da Giɗaɗo. Ya durƙusa ya gaishe ta da murmushin nan nasa. Ta so ta fashe da kuka, ko sau ɗaya ya ga yadda ake yi. Ta dubi hannunta. Tata munduwar ma koriya shar.

"Sha furarka," ta ce.