Ɗalibi na Ashirin

"Sha tara," in ji mai duba makarantu, bayan ya ƙirga yaran sau biyu. "Malama, kin san doka. In ba su cika ashirin ba, hukuma ba ta kiranta makaranta. Sai dai kwaɗo a ƙofa."

Ya buɗe rajista, ya tarar an ja jan layi a kan suna na ashirin. Ɗan malamar ne, wata guda ke nan da rasuwarsa.

"Allah ya jiƙansa." Ya miƙa mata biro. "Mayar da sunan. Ban ga komai ba."

Ta dubi yaran, ta rubuta.

Makarantar ta tsira. Kullum da safe malama takan kira sunansa, ajin ya yi tsit, ta sa masa alamar ya zo.