Minti Uku Ranar Juma'a

Karo na huɗu ke nan Gide na ɗaure tsani bayan mashin ya kama hanyar Sheme, a ƙasar Faskari. Daga Kankara yake, yana aiki da wani ɗan ƙaramin kamfani mai sa wa mutane intanet a gida. Eriya bisa kwano, waya ta sauko, ɗan akwati mai fitila ya raba sabis, aikin ke nan. Gidaje sun fi talatin a hannunshi, amma babu mai ba shi ciwon kai irin gidan Malam Rabo.

Kuma ba ma Malam Rabon ke ƙorafin ba. Ɗanshi ne, Almu, direba a Jidda. Shi ya sa aka kafa masu don ya riƙa kiran bidiyo duk Juma'a bayan La'asar, ranar hutunshi. To kiran bai taɓa wuce minti uku ba. Hoto ya daskare, ɗif. Nan take Almu zai kira ofis ya zazzage wa manaja, manaja kuma ya juyo kan Gide.

"Wata bakwai fa!" in ji Almu, har ana jiyo shi daga ƙofar ofis. "Ko gaisuwa ba mu gamawa. Intanet kuka sa mana ko kwalliya?"

Zuwan farko Gide ya canza waya, wai ko ɓera ne. Na biyu ya ƙara wa eriya tsawo bisa zaure, ya sare reshen darbejiyar da ke tare ta, har kaikayin itace ya hana shi barci. Na uku ya ɗauke akwatin gaba ɗaya ya sa sabo fil. Batirin sola cike yake. Ya zauna a zaure ya kalli dambe a wayarshi rabin awa, ko gezau. Wallahi har addu'a ya tofa wa abin nan.

Juma'a ta zo, ɗif.

Akwatin a rumfar Inna Nana yake, matar Malam, don nan batirin yake. Duk zuwan Gide sai an sanar cikin gida za a shigo, kuma za a hau sama, mata su kimtsa. Tsohuwar kirki ce. Ba ya tafiya sai da ƙullin gyaɗa.

"Sannu ɗan nan," take ce mashi. "Mai tafiyar nan sai wahal da kai yake. Ka bar shi haka nan mana, ai muna jin muryarshi a saƙo."

Shi dai murmushin dole yake. Ita me ta sani game da manaja?

Ranar Laraba manaja ya kira shi, ko kujera bai nuna mashi ba. Ya ce Almu ya rantse zai koma wani kamfanin, kuma zai gaya wa duk 'yan Faskari da ke can su ma su janye gidajensu. "Juma'ar nan ka je ka tsaya a kai da kanka. In ya sake yankewa, ka kawo mani makullin mashin."

Mashin ɗin na kamfani ne. Aikin kuma shi kaɗai Gide ke da shi.

Shi ya sa yau yake gudu cikin ramuka kamar zai tashi. Sai taya ta yi faci. Kafin mai faci ya gama surutunshi La'asar ta wuce. Da ya iso, Malam Rabo na zaure, waya har ta fara ƙara a hannunshi. Babu lokacin aikawa cikin gida. Gide ya san ba kyau, amma ya zagaya bayan katanga ya jingina tsani ya haye shiru, ya lafe jikin eriya.

Sabis cike, layi huɗu. Yana jiyo muryar Almu tar daga ƙasa, ana ta ya gida ya gona. Minti ɗaya. Gide ya riƙe bututun eriya da hannu biyu kamar iska za ta ƙwace mashi. Minti biyu. Ya duba waya, ya duba mahaɗi, komai daidai. Zufa na shiga mashi ido.

Ɗif.

Ya daɗe a saman nan bai motsa ba. Sannan ya sauko a hankali, ya ɗaure tsaninshi. Bai ko shiga zaure ba. Wayarshi ta yi ƙara, manaja ne.

"Ya yanke! Kana wurin kuwa? Me ka gani?"

"Ina wurin, ranka ya daɗe."

"To mene ne?"

Gide ya ce, "Ban gano ba. Gobe zan kawo makullin."

Me zai ce? Ya ce ya hau saman gidan mutane ba sanarwa ya leƙa matar aure a rumfarta? Ya ce da Malam ya ɗaga murya, "Nana, ga shi nan zan shigo maki da shi," ya ga tsohuwar ta yi wuf ta zare wayar akwatin daga batiri, ta koma ta zauna tana goge ido da bakin mayafi? Almu ɗan farinta ne. Shekara talatin da biyu ko sunanshi ba ta taɓa kamawa ba, balle ta zauna gaban ubanshi ta dube shi ido cikin ido.