Ƙyallen Malamin Lissafi

Muna aji biyu na sakandare a Ƙauran Namoda aka kawo mana malamin lissafi daga Indiya. Wata rana bayan azahar muka tare shi a gindin dogonyaro, na ce, "Malam, yi mana waƙar fim ɗin Indiya mana."

Da 'yar Hausarsa ta koyo ya ce, "Wannan ba yarena ba ne. Ni ɗan Sakachep ne, mutanen kan tudu. Ba mu da yawa."

Muka kwashe da dariya, wai Ba'indiye bai iya Indiyanci ba. Bai yi fushi ba. Ya zaro wani ƙyalle ja da baƙi daga aljihu, ya ce mahaifiyarsa ta saƙa. Ya faɗi sunan ƙyallen da yarensu har sau biyu, a hankali, don mu maimaita. Ba wanda ya kula. Aka kaɗa ƙararrawa, muka watse muka bar shi riƙe da abinsa.

Jiya 'yata ta tambaye ni sunan ƙwarya da Fillanci, yaren kakata. Na ce mata ban sani ba. Sai ƙyallen nan ya faɗo mini a rai. Har yau ina ganin launinsa, amma sunan, ko kusa ban riƙe ba.